Babi na 7: Jinyar Wanda Abinci Ke Yawan Ƙware Shi

Darasi na 1: Hanyoyi biyu

Kowa ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa. Ku haɗiyi yawu. Kun ji ya hau ya sauko? Madalla. Wannan shi ne maƙogwaro, daga nan murya ke fita. Ƙarƙashinsa hanyar iska ce, mai zuwa huhu. Bayansa hanyar abinci ce, mai zuwa ciki. Duk haɗiya, maƙogwaro yakan rufe kamar murfin tukunya, don kada abinci ya faɗa huhu.

Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a kai, ko sankarar maƙogwaro, murfinsa na iya daina rufewa. Sai ruwa da abinci, har yawunsa, su riƙa zurarewa huhu. Alamunsa: tari lokacin ci, murya kamar da ruwa a ciki, zazzaɓi mai dawowa, da rama. Wani ko tarin ba ya yi, sai ciwon huhu kawai.

Darasi na 2: A zaunar da shi

Ku karanta tare da ni, a hankali: A ZAU-NAR DA SHI. Ku sake. Yanzu kowa ya rubuta sau 5. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, haka kowa ya fara.

Kafin cokali ya taɓa bakinsa, a zaunar da shi. Jingina da matashin kai ɗaya ba zama ba ne. Bayansa ya miƙe, kansa kada ya koma baya. Ƙaramin cokali, ɗaya bayan ɗaya, sai ya haɗiye na farko a ba shi na biyu. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙwarewa, shi ya sa likita kan ce a yi kunu da kauri. Ya gama? Ya ci gaba da zama minti 30. A wanke masa baki.

Za a ba shi magani? A zaunar da shi. Ruwan rubutu? A zaunar da shi. Tsakar dare ya ce ƙishi yake ji, barci na idonku? Ku tashi, ku zaunar da shi.

Iyayena mata, nan ne kuke ba ni wahala. A aji kowa ta iya layin nan, a gida kuma sai a tallabo kan tsoho yana kwance a ɗura masa ruwa da buta, wai tausayi. Wane irin tausayi ne wannan? Ku sake rubutawa, sau 5.

Darasi na 3: In an zo maganar tiyata

In duk an yi wannan, amma ciwon huhu bai daina dawowa ba, ku nemi ƙofar da aka rubuta ORL a babban asibiti, a Garwa ko Marwa. Haruffa uku ne, na likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Yana iya tura ku Yawunde.

Robar abinci ta hanci ko ta ciki tana ciyar da shi, amma ba ta hana yawu shiga huhu. Huda wuya a sa bututun numfashi shi ma ba ya tsayar da abin gaba ɗaya.

A cikin maƙogwaro akwai tantanin murya guda biyu. In ɗaya ne ya shanye, ana matso da shi tsakiya, da allura ko ƙaramin aiki, murya na nan. In abin ya tsananta, ana raba maƙogwaro da hanyar iska a ɗinke na sama. Wani likita mai suna Lindeman ya fito da irin wannan aiki a 1975, kuma wani lokaci ana iya sake haɗawa. Na ƙarshe, a cire maƙogwaron ɗungurungum, wannan ba ya komawa. A biyun nan, numfashi ya koma ta rami a wuya, muryar da kuka sani kuma ta tafi. Kada kowa ya dangwala yatsa a takarda sai an karanta masa, shi ma majinyacin an tambaye shi.

Darasi na 4: Ramin wuya

Ruwan wanka kada ya shiga. Lokacin hunturu a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura.

Darasi na 5

Ku ajiye masa takarda da biro kusa. Ku koya masa rubuta: ruwa, ciwo, bayi.