Yadda Za Ka Hana Fayil Ɗaya Cinye Maka Wuri Sau Goma

A ɗakin aikinmu da ke Yaba a Legas, ma'ajiyar kwamfuta ta cika maƙil. Ashe fayilolin haɗa manhaja ne ke ta maimaituwa, kowane aiki da nasa kwafin. Ga yadda muka magance abin.

1. Buɗe jaka guda, ka sa mata suna rumbu.

2. Ciro wa kowane fayil tambarinsa da umarnin sha256sum. Zai ba ka haruffa da lambobi 64. Abin da ke cikin fayil ne ke haifar da su, ba sunansa ba. Ko waƙafi ɗaya ka taɓa, tambarin ya sauya gaba ɗaya.

3. Biyun farko su zama sunan ƙaramar jaka, sauran 62 sunan fayil. Irin rabon da Git, manhajar adana tarihin fayiloli, ke yi ke nan, kada jaka ɗaya ta cushe kamar Oshodi da yamma.

4. In tambarin yana rumbu, kada ka sake kwafa. Ɗaura fayil ɗin da ln, umarnin da ke sa sunan da ke jakar aiki ya nuna na rumbu, amma fa sai a ɓangaren faifai ɗaya yake aiki.

5. In sabo ne, rubuta shi a rumbu da sunan wucin gadi, ya kammala, sannan ka sauya sunan da umarnin mv. Wuta na iya ɗaukewa a tsakiya, ka san garin.

6. Kulle fayil ɗin da umarnin chmod 444, a iya karantawa ban da gyarawa. Domin wanda ya gyara kwafi ɗaya ya gyara na kowa.