Yadda Ake Gyara Fili Mai Gangare a Bayan Gida Saboda Yara

A yanka gangaren hawa-hawa kamar matakala, kowace katangar da ke riƙe ƙasa kada tsayinta ya wuce santimita 60. A zuba tsakuwa a bayanta, a bar kafar ruwa a gindin bulo duk bayan mita ɗaya da rabi. Nan magina suka fi sakaci: ruwan damina ya taru, ƙasa ta yi nauyi, katanga ta yi ciki ta zube.

Hawa mafi faɗi shi ne wurin wasa. A shimfiɗa masa yashi mai kaurin santimita 30. Tazarar sandunan shinge kada ta wuce santimita 9, don kada kan yaro ya maƙale. A dasa ciyawar jema a bakin kowane hawa, saiwarta na kama ƙasa sosai.