Takalmin siki ba takalmin sallah ba ne

Ƙanena ya samu gurbin karatu a Gurenobul, ƙasar Faransa. Ana saura mako ya tashi daga Yamai sai ga shi da wani ƙaton takalmin siki (wasan sulɓi kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa) da ya tsinta cikin bosho a kasuwar Katako. "Yaya, jika takwas kawai, kuma har da sauran wuri a gaba." Na yi shekara huɗu a Gurenobul, na bar akaifar babban yatsana a dutsen Shamrus da ake siki kusa da garin, saboda haka ina ɗaga takalmin na san kuɗi sun tafi.

Babban kuskure shi ne wannan "sauran wuri". Mun saba tun muna yara a saya mana takalmin sallah da sarari don ƙafa za ta girma. A kan dusar ƙanƙara sarari ciwo ne. Ƙafa na yawo ciki, duk tsallen da ka dira sai yatsu su doki gaba, ƙwauri ya doki harshen takalmin, akaifa ta yi baƙi ta fita. Lambar takalmin siki ma ba 42 ko 43 ba ce. Tsawon ƙafa ake aunawa da santimita, ka ga an rubuta 26.5 ko 27.5, faɗi kuma da milimita, yawanci tsakanin 97 da 104. Mai faffaɗar ƙafa irin tamu da ta girma cikin silifa ya nemi mai faɗi, kar ya ƙara lamba.

Gwajin ba wuya. Zare soson ciki, sa ƙafarka cikin ɓawon roba, tura har yatsu su taɓa gaba. Abin da ya rage bayan diddige kada ya wuce santimita 2. Sannan mayar da soson, ɗaure ƙugiyoyin, miƙe tsaye: yatsu su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, diddige kuwa ya zauna daram. Yi gwajin da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa guda siririya. Mu ƴan Sahel tsoron sanyi kan sa mu jibga safa biyu, alhali matsewa ke tare jini, ƙafar ta ƙara daskarewa. Soson kuma yana lotsawa bayan ƴan kwanaki, wanda ya yi daɗi sarai a kanti gobe zai yi yawa.

Sai batun abin da za ka yi da shi, wanda ƙanena bai ko tambayi kansa ba. Mai son tsalle da juyi a sama, abin da ake kira firistayil, yana bukatar takalmi mai ɗan laushi da ke shanye dira. Akwai lambar tauri a jiki, daga wajen 60 zuwa 130. Samari na rububin 130 don a ce gwanaye ne, ga shi 90 ko 100 ta ishe su. Lambar ma ba ɗaya take ba daga kamfani zuwa kamfani.

Mai shiga daji kuwa, inda babu kujerar da ke hawar da mutane, da ƙafarsa zai hau dutsen. Nasa takalmin mara nauyi ne, da ɗan maƙulli a baya da ke sakin wuyansa don tafiya, tafinsa na roba mai tsaga-tsaga, da ramukan ƙarfe biyu a gaba inda ƙusoshin maƙali, abin da ke riƙe takalmin a kan allon siki, ke shiga. Nan ne haɗari yake: irin wannan tafi ba ya dacewa da kowane maƙali. In suka saɓa, ka faɗi siki bai sake ka ba, gwiwa ce za ta biya. Kai takalmin da sikin wurin mai kanti ya daidaita su tare. Akwai takalman da ke haɗa ayyukan biyu, amma sun fi nauyi a hawa. Sabon shiga dai ya yi haya ranakun farko.

Tsohuwar roba kuma tana gajiya, balle wadda ta sha ranar Afirilu a Katako. Tana iya tsagewa ranar farko da ta ji sanyi. Takalmin ƙanena bai hau jirgi ba, yana nan tsakar gida, Inna na tokare ƙofar madafa da shi in iska ta taso.