Kafin a ce BCM ta ƙone: kurakuran da ke cinye kuɗin masu mota

Idan mota ta fara kunna sigina da kanta, waifa ta tashi ba ruwa ba iska, ƙofofi su kulle kana tsaye a waje, ko batir ya kwana da caji a wayi gari babu ko ɗis, abin da aka saba ji a gareji shi ne, "Alhaji, brenbos ce." Ba brenbos ɗin inji, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ake nufi ba. Akwai wata ƙaramar kwamfuta da ke kula da fitilu, gilasai, hon, makullin ƙofa, a wasu motocin har da na'urar da ke gane makullin mota. Ita ce BCM. Peugeot na kiranta BSI, Honda MICU, Mercedes kuma SAM. Tana lalacewa, ba shakka, amma sau da yawa wadda aka cire aka jefar lafiyarta ƙalau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a garzaya kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen wata ba a auna batir ba. Lafiyayyen batir, mota a kashe, yana nuna kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7. Wuta ta yi ƙasa, ko altaneta, mai cajin batir, ta riƙa turo fiye da ƙima, kwamfutocin mota duk sai su rikice, kowacce ta kama nata shirmen. Haka ma wayar asin da ke ɗaure a jikin bodi, wadda wuta ke bi ta koma batir: tsatsa ta ci wurin, wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta wata fitilar, ka taka birki ka ga fitilar dashbod ta kama. Kwance noti ɗaya, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a mayar, shi ke nan.

Idan matsalar gilashi da makullin ƙofa ɗaya ce kawai, a janye robar nan da ke tsakanin ƙofa da bodi. Wayoyin ciki suna lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe ƙofar direba, shekara da shekaru. Za ka tarar da fatar waya ta tsattsage, jan ƙarfen ya saura zare biyu ko uku, wata ma ta katse daga ciki alhali fatar na nan daram. Ja kowacce a hankali. Wadda ta miƙe kamar danƙo ta karye.

Sai batun sikana, na'urar da ake jona wa mota ta karanto laifinta. Ƙaramar sikanar da ake haɗawa da wayar hannu galibi inji kaɗai take karantawa, sai ta ce babu laifi. Ana buƙatar wadda ke shiga ɓangaren bodi, inda lambobin kuskure ke farawa da B ko U. Ko ta nuna U0140, wato sauran kwamfutoci sun daina jin BCM, wannan bai zama hukunci ba. Na'urar da fis ɗinta ya ƙone ma shiru za ta yi. A tabbatar wuta da asin suna isa soket ɗinta, sannan a cire kan batir a auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin sikana. A yawancin motoci kusan ohm 60 ya kamata a gani. Idan 120 ya fito, mai yiwuwa layin sadarwa ya katse a wani wuri.

To, a ce an tabbatar ta mutu ɗin. Nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, domin ba a tambayar abin da ya kashe ta. BCM ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Ruwa ne babban abokin gabarta: bututun da ke fitar da ruwan AC ya toshe, ko an canza gilashin gaba ba a liƙa da kyau ba, damina ta zo yana ɗiga kai tsaye kan akwatin fis. Ɗaga kafet ɗin gefen direba ka sa hannu a soson ƙasa. Idan da danshi, ko filolin soket sun yi kore-kore, sabuwar ma kwananta ƙidayayye ne. Wasu motocin da ake sayowa a gwanjon Amurka ambaliya ce ta ci su, tun kafin su hau jirgi tsatsar ta fara aiki.

Sauran masu kashe ta hannunmu ne. Cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta, ko tayar da mota da batirin aro a musanya tana kunne, dabara ce ta zamanin 504 da ba ta da kwamfuta ko ɗaya. A motar yanzu wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona na'ura. Haka walda a jikin mota batir na haɗe. Haka fis mai amp 10, ja, ya ƙone a cusa kore mai 30, ko a naɗa masa waya. Fis ɗin ya ƙi ƙonewa, sai allon BCM ya ƙone a madadinsa. Masu saka tiraka, na'urar bin sawun mota, da fitilun ado kuwa, da yawansu duk wayar da ta kawo wuta yanka ta suke yi su ɗaura da salatif. A bi aikinsu a warware kafin a saka wata.

Wajen saye, kama a ido ba ta wadatar. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, ana samun BCM daban-daban gwargwadon kayan da motar ta zo da su da ƙasar da aka yi ta dominta. Tafi da tsohuwar a hannu, lambar jikin takardar ta dace harafi da harafi. Kuma ku yi magana da mai shago tun kafin kuɗi su fita, cewa idan ba ta yi ba za a dawo da ita, don kayan wuta na Beljiyam ba kowa ke karɓa ba bayan an fita da su.

Kada kuma a ɗauka sakawa kawai za a yi a tashi mota. A Peugeot 307 da 406 na ƙarshe-ƙarshen ƙira, BSI tana riƙe da lambar sirrin makulli, kuma dole ta yi daidai da ta brenbos ɗin inji. Ka saka ta wata motar, inji zai juya amma ba zai kama ba. Ko dai a sayi saiti guda, BSI da brenbos da makulli daga mota ɗaya, ko a kai wa mai furogiramin ya kwafe bayanan tsohuwar zuwa sabuwar. Shi ya sa ba a jefar da tsohuwa ko ta jiƙe, sau da yawa bayanan cikinta na nan. Kafin cire batir a irin waɗannan motoci, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 3 BSI ta yi barci.

Bayan an gama, a gwada komai ɗaya bayan ɗaya, har fitilar but da ta lamba. Sannan a rufe mota, a ba ta kamar rabin awa, a auna wutar da take sha a kashe. Idan ta haura miliamp 50 sosai, akwai abin da bai kwanta ba, a koma kan fis ana zarewa ɗaya-ɗaya har a ga wanda ya sa lambar ta faɗi.