Yadda ake cajin motar lantarki a tashar caji mai sauri ba tare da an maƙale a hanya ba

Kusan duk wanda na gani ya sayi motar lantarki a karon farko, kallon gidan mai yake yi wa tashar caji. Yana zaton zai shiga, ya sha, ya biya, ya kama gabansa. Sai ranar da ya isa da batir ya kusa mutuwa, ya tarar da cajar ita ma a mace, sannan ya gane. Saboda irin waɗannan nake wannan rubutu. Ba zan tsaya bayanin buɗe murfi ko cajin gida ba, wannan kowa yana koyonsa a rana ɗaya.

Fara da sanin abu biyu game da motarka: irin bakin filoginta, da iyakar wutar da take iya sha. Bakunan caji mai sauri ba ɗaya ba ne. A Turai CCS2 ne ya mamaye, a Amurka akwai CCS1 da kuma na Tesla da ake kira NACS, wanda kamfanin ya buɗe wa sauran masu ƙera motoci a 2022. Chaina na da GB/T, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO suke amfani da shi, wanda kullum raguwa yake yi a sababbin tashoshi. Shigar da samfurin motarka a manhajar neman tasha domin ta ɓoye maka waɗanda ba za su shiga ba. Game da ƙarfi kuwa, lambar da aka rubuta a jikin caja, kilowat 50 ko 150 ko 350, iyakar abin da take iya bayarwa ce, mota ce ke yanke abin da za ta karɓa. Chevrolet Bolt ta da ba ta wuce kimanin kilowat 55, ko ka jona ta a mai 350. Ita kuwa Hyundai Ioniq 5 batirinta yana iya tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18 a irin wannan caja. In motarka mai shan kaɗan ce, bar wa mai buƙata babbar caja.

Yanzu ga wurin da nake so ka ba ni hankalinka, wato zaɓen tasha, domin nan ne na sha wuya.

Wani dare cikin tsananin sanyi ina dawowa daga tafiya mai nisa, na wuce babbar tasha mai caja takwas da fitilu tar, saboda manhaja ta nuna mini wata a gaba mai ɗan rahusa, da koriyar alama wai tana aiki kuma babu kowa. Na isa da kashi 6. Caja biyu ce a bayan wani gini. Ta farko allonta baƙi ƙirin, wani ya ɗaure kan kebul ɗinta da leda. Ta biyu ta kunna, na kara kati, ta rubuta cewa tana haɗawa, na ji ƙas a cikin mota, sai ta yanke. Sau huɗu ina maimaitawa, yatsuna sun ƙage, lambar wayar da ke jikin injin tana ta ringin ba mai ɗauka. A ƙarshe na kashe na'urar ɗumama mota, na lallaɓa a hankali zuwa wata ƙaramar caja mai kilowat 7 a wani wurin ajiye motoci, na zauna awa biyu cur kafin na samu abin da zai kai ni gaba.

Wannan ba rashin sa'ata kaɗai ba ne. A 2022 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gwada bakunan caji mai sauri 657 a yankin San Francisco, suka samu kashi 72.5 cikin 100 ne kawai suka yi caji. Matsalar ta kai har gwamnatoci sun sa baki: Birtaniya ta kafa doka a 2023 cewa cajoji masu sauri na kowane kamfani su kasance suna aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, Amurka kuma ta sa sharaɗin kashi 97 ga waɗanda aka gina da tallafin gwamnatin tarayya. Abubuwa suna gyaruwa, amma koriyar alama a manhaja tana nufin injin yana magana da intanet ne kawai. Ba ta san an fasa allo ba, ba ta san na'urar karanta kati ta lalace ba.

Tun daga wannan dare na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ba kowa. Kada ka dogara da tashar da cajojinta ba su kai huɗu ba. Kafin ka nufe ta, duba a PlugShare, manhajar da direbobi ke rubuta yadda suka tarar da tasha, ko makamanciyarta, yaushe ne mutum na ƙarshe ya yi caji a wurin lafiya. In an yi mako biyu shiru, ni ban yarda da ita ba. Sannan ka tanadi tasha ta biyu, ta wani kamfanin daban, domin in tsarin biyan kuɗin kamfani ya tsaya, yakan tsaya a tashoshinsa da yawa lokaci guda. Ka isa ta farko da abin da zai kai ka ta biyu har da saura. A wurina wannan kashi 15 ne zuwa 20. Na san masu cewa a isa da kashi 5 domin batir ya fi saurin sha idan ya yi ƙasa. Gaskiya ne, amma wannan dabarar wanda ya san hanyarsa ce kamar yunwar cikinsa.

Da ka zaɓi tasha, sa ta a taswirar motar kanta, ba ta wayarka kaɗai ba. Motoci da yawa suna fara ɗumama batir da sun san caja aka nufa. Batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da sauri, sai ka ga caja mai 150 tana ba ka 40, ka ɗora mata laifin da ba nata ba.

Idan ka isa, kebul ɗin yana da nauyi, ka tallafe kansa da hannu har ka ji ya kulle. Kada ka juya baya sai ka ga lambar kilowat ta hau ta tsaya, minti ɗaya ya isa. In ta yanke, cire, jira kaɗan, sake gwadawa sau ɗaya, sannan ka koma ta kusa. Wasu tashoshin suna raba wuta tsakanin caja biyu da ke maƙwabtaka, don haka in akwai fili, bar gurbi tsakaninka da wanda ya riga ka.

Maganar kuɗi. Caji mai sauri a wurare da yawa yakan ninka na gida sau biyu ko uku, saboda haka na tafiya ne, ba na kullum ba. Duba allo ka ga da kilowat-awa, wato yawan wutar da ka sha, ake lissafi ko da minti. In da minti ne, mai mota mai jinkiri shi ke kwana ciki. Wasu kamfanonin suna riƙe wani kuɗi a katinka kafin a fara, su sake shi bayan kwanaki, kada ka gwada kati mai ƙaramin saura. Rajistar wata-wata tana rage farashi, amma sai in kana caji a waje sau da yawa a wata, in ba haka ba asara ce. A Tarayyar Turai, tun Afrilun 2024 dole sababbin cajoji masu kilowat 50 zuwa sama su karɓi katin banki. A wasu wuraren har yanzu sai da manhaja, to ka sauke ta ka buɗe asusu tun kana gida.

Ka cire a kashi 80. Daga nan wuta takan ragu sosai don kare batir, har kashi 20 na ƙarshe ya ci lokaci kusan kamar na baya gaba ɗaya, ga mutane a layi suna jiranka. Tsayar da cajin daga allo ko manhaja, mayar da kebul mazauninsa, ka matsar da mota nan take, domin tashoshi da yawa suna cin tarar kowane minti da ka bar ta bayan ta gama. In ka tarar da caja a mace, rubuta lambar da ke jikinta ka kai rahoto a manhaja kafin ka tafi.