Kurakuran da ke kashe motar aikin daji tun ba ta tsufa ba

Motar da ake shiga kurmi da ita ɗauko itace ko kai ma'aikata, daga ƙasa take mutuwa. Sai ka ga fenti na ƙyalli, inji na tashi da mari ɗaya, amma ƙarƙashinta ya gama ruɓewa. Kurakuran kuma su ne dai, kowane sabon shiga sai ya maimaita.

Tun daga saye ake fara ɓata rawa da tsalle. Mutum ya tsaya kallon girman mota da ƙarfin inji, ya manta cewa hanyar daji matsattsiya ce mai taushi. Abin dubawa uku ne: tana da ƙaramar giya, wato 4L, ko babu? Nawa ne tazarar da ke tsakanin ƙasa da tukunyar difaranshiyal, wato wadda ke raba juyi ga tayoyi? Nauyin nawa aka yarje mata ta ɗauka? Motar da babu 4L a cikinta ta gari ce, ko da tayoyinta huɗu duk suna ja. Tazara kuwa kada ta gaza santimita 20. Suzuki Jimny na da 21, kuma rashin nauyinta na sa ta ratsa inda manya ke nutsewa, sai dai ba ta ɗaukar gungume. Mai ɗaukar kaya sai ya nemi akori-kura irin Hilux ko Land Cruiser 79. In tsohuwa za ka saya, shiga ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa shasin, musamman wajen da sifirin na baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, mai tsatsa kuwa amon dusa.

Ɗaga mota da dogayen sifirin ba ya ɗaga difaranshiyal na baya ko da ɗan yatsa, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Abin da ka ƙara shi ne sauƙin kifewa a gangare.

Ruwa shi ne abin da ya fi cin motocin nan. Kowa ya san in ruwa ya shiga ta mashaƙar iska inji ya tafi, don ruwa ba ya matsuwa, fistin zai doke shi sandarsa ta lanƙwashe. Shi ya sa in mota ta mutu a tsakiyar rafi ba a sake murza makulli, jawo ta ake yi. Amma wanda ba a sani ba shi ne na ƙasa. Difaranshiyal da giyabos suna ɗaukar zafi a tafiya. Da ka tsoma su cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta ƴar ƙofar numfashin da ke saman tukunyar ko ta bakin sil. Ka fito lafiya, ka yi murna, ka tafi gida. Mai ya gauraye da ruwa ya zama kamar madara, boris na ci a hankali, bayan ƴan watanni ka fara jin kuka daga baya, ka ce ai motar ce ba ta da ƙwari. Motar ba ta yi laifin komai ba, kai ne ba ka kwance noti ɗaya ka duba ba! Aikin minti biyar ne: kwance notin cika mai, tsoma yatsa, duba launi. In ya yi fari-fari ko ya yi kumfa, zubar da shi a ranar, ka zuba sabo, a difaranshiyal galibi 80W-90 ko 75W-90 mai lambar GL-5, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Kuma ka fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne a sa wa kowace ƙofar numfashi dogon tiyo a kai shi sama cikin ɗakin inji, a sa masa ƴar matata a baki. Sannan kafin ƙetare kowane ruwa a tsaya minti goma ƙarfe ya huce, a shiga da sanda a auna zurfinsa. Hilux ta zamani santimita 70 kamfani ya ƙayyade mata, tsohuwar Defender 50, kuma wannan a ruwa mai kwance ne, ba mai gudu ba.

Kuskure na gaba ba mota kaɗai yake ci ba, rai yake ci. Mota ta maƙale a taɓo, sai wani ya rataya igiya a ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela, ɗayar motar ta ja baya ta fizga. Wannan ganganci ne, babu wani suna da za a ba shi. An yi ƙwallon nan don jan da ba shi da fizga. In ya ɓalle, ƙarfe ne ke tashi kamar harsashi ya fasa gilashin motar da ke ja, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Ƴan zobban da ake ɗaure mota da su a kan babbar mota su ma ba wurin ja ba ne. A ɗaura ƙugiyoyin ja na gaske a jikin shasi, da manyan notuna. In winci za ka saya, wato injin jawo mota da waya, ƙarfinsa ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Kada ka naɗe wayarsa a jikin bishiya, za ta yanke ɓawon ta kashe bishiyar, ita ma wayar ta lalace. Faffaɗan ɗamara ake zagayawa can ƙasa kusa da saiwa. A bar aƙalla naɗi biyar a kan gangar, a yafa bargo mai nauyi a tsakiyar wayar, kowa ya ja da baya nesa fiye da tsawonta. Kuma kafin duk wannan, ɗauki shebur ka haƙe gaban tayoyi. Sau da yawa shi ke nan.

Taya kuwa, a daji gefenta ke fashewa, ba tafinta ba, don kututture ta gefe yake suka. Nemi mai alamar LT, mai kaurin gefe. A taɓo rage iska zuwa 20 ko 22 a geji don tafin ya baje. Ƙasa da 15 tana iya zamewa daga rim a kwana. Ka riƙe famfo a mota, domin hawa kwalta da wannan iskar zafi zai sa tayar ta fashe. Haka nan cire 4H, wato giyar jan tayoyi huɗu ta gudu, da zarar ka taka kwalta, in motarka ba mai difaranshiyal na tsakiya ba ce, in ba haka ba farfela da giyabos su ɗaure.

Ɗanyen itace yaudara gare shi. Mita ɗaya ta kowane gefe ta ɗanyen katako mai tauri tana iya kai tan guda, wanda shi ne kusan duk abin da akori-kura za ta ɗauka, har da direba da ma'aikata. Bayan motar bai cika ba, amma sifirin ya riga ya miƙe.

Busasshiyar ciyawa na taruwa a kan salansa da farantin kariya na ƙasa, can take kama wuta. Zare ta kullum da yamma, ka ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai. Lagireto ya toshe da ƙaiƙayi da laka, wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Robar da ke rufe gaɓar aksul ta gaba in tsinke ya yaga ta, canja ta a makon, kafin yashi ya cinye gaɓar. Giris a gaɓoɓin farfela bayan kowane shiga ruwa, har sai ka ga sabo ya turo tsoho waje. A gangara kuma giya ta ɗaya a 4L, ƙafa ta bar kuloci, manyan yatsu a wajen sitiyari, don in taya ta doki kututture sitiyarin zai juya da ƙarfin da zai iya karya su.