Kurakuran da ke lalata injin dizal bayan an ƙara masa ƙarfi ta kwamfuta

Injin dizal mai turbo yana karɓar rimaf, wato sauya saitin kwamfutarsa don ƙara masa ƙarfi, cikin sauƙi, shi ya sa ake rububin yin sa. Ana jona waya a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a karanto fayil ɗin da ke cikin kwamfutar injin, a sauya lissafin yawan man da nozul ke fesawa, da lokacin fesawar, da matsin iskar da turbo ke turawa, sannan a mayar. Ko noti ɗaya ba a kwance ba, amma direba na taka totur sai ya ji motar ta zama wata daban. Ƙarfin nan ba daga sama ya faɗo ba. Kamfani ne ya bar rara da gangan, domin ya san motarsa za ta shiga zafi da sanyi, ta sha mai marar kyau, ta faɗa hannun wanda ba ya canza baƙin mai a kan kari. Wannan rarar ake ci, kuma yawancin ɓarnar na zuwa ne idan aka ci ta ba a san nawa ta rage ba.

Shi ya sa babban kuskure shi ne kai motar da ba ta da lafiya. Mutum ya ji motarsa ta yi sanyi a hawa, maimakon ya nemi dalili sai ya ce a ƙara mata ƙarfi. Sau da yawa matsalar tiyon iska ne ya tsage tsakanin turbo da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa, za ka ga jiƙewar baƙin mai a wurin tsagar. Ko sensa mai auna iska ta gaji, ko fuka-fukan turbo sun cushe da baƙin toka. A fara sa na'ura a karanta kurakuran da kwamfuta ta ajiye, a duba yadda take daidaita man kowane nozul, a canza filtar mai da ta iska, a tabbatar bel ɗin taimin bai wuce wa'adinsa ba. Wasu motocin daga nan suke dawowa hayyacinsu, mai su ya fasa rimaf ɗin gaba ɗaya.

Sai batun da ya fi cin kuɗin mutane. Kowa tambayarsa doki nawa za a ƙara, alhali abin da ke karya kaya shi ne ƙarfin murɗawa, wanda dizal ke bayarwa tun inji na ƙasa-ƙasa, wajen juyi 2,000 a minti. Kuloci da fulawil mai ɓari biyu su ne ke fara ɗaukar wannan dukan. Gwajin ba wuya: a titi mai sarari, sa giya ta biyar ko ta shida, ka bar allurar juyi ta sauka kusa da 1,800, ka taka totur har ƙasa. Idan allurar ta yi tsalle sama amma gudun motar bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Idan kuma ka ji kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, ko ƙarar kwaram-kwaram lokacin kashe inji, fulawil ne ke kuka. A yi wannan gwajin kafin rimaf, ba bayansa ba. Kuma ka faɗa wa mai saitin ƙarara cewa kada ya zubo ƙarfin gaba ɗaya a ƙasa, ya bar shi ya riƙa hawa a hankali. Motar ba za ta fizge ka kamar ta abokinka ba, amma kulocinka zai kai labari. Kai ma ka daina taka totur a babbar giya inji na nishi, rage giya ɗaya. A mota mai otomatik kuwa, giyabos na da iyakar ƙarfin da aka ƙera shi ya ɗauka, kuma da adadin da kwamfutar inji ke gaya masa yake matse kulocinsa na ciki. Saitin da ya ɓoye masa gaskiyar adadin zai sa ya riƙa zamewa har ya ƙone.

Baƙin hayaƙi ba alamar ƙarfi ba ne. Mai ne ya fi iskar da ke akwai yawa, ya fita bai gama ƙonewa ba. A dizal, ƙarin mai na nufin ƙarin zafi a salansa, kuma zafin nan ne ke tsaga fistin ya gasa turbo, musamman a doguwar hawa ko idan ana jan kaya. Mai saitin kirki zai hau motar da kwamfuta a gefensa, ya kwatanta matsin iskar da aka nema da wanda aka samu, ya duba matsin mai da zafin hayaƙi. Wanda ya zuba fayil ya miƙo maka makulli bai gwada komai ba, bai gama aikinsa ba.

A nan ne wasu ke cewa a cire matatar hayaƙi, wato DPF, a kashe ta a kwamfuta a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma wanda ke bayanka a kan titi shi ke shaƙa. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Idan matatar na yawan toshewa, akwai dalili: gajerun tafiye-tafiye da ba sa barin ta kai zafin digiri 600 da take bukata ta ƙone tokar, ko nozul mai ɗiga, ko sensa da ta mutu, ko baƙin man da ba nata ba. Dalilin za a gyara.

Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, ko wanda aka kwafo daga wata motar "irin taka", araha ce da ba ta ado. Injin 1.9 TDI na Volkswagen ya fito da doki 90, da 110, da 130, da 150, kuma ba lissafin kwamfuta kaɗai ya raba su ba, turbo da nozul da intakula ma sun bambanta. Dole saitin ya dace da lambar manhajar da ke cikin kwamfutarka. Ka nemi a ba ka kwafin fayil na asali ka ajiye. Sannan lokacin rubutawa a jona batir da na'urar riƙe wuta, domin idan wuta ta faɗi ana tsaka da aikin, kwamfutar na iya mutuwa motar ta ƙi tashi.

Bayan an gama, a rage tazarar canza baƙin mai, a bar inji ya yi ɗumi kafin a matsa masa, a ba turbo minti ɗaya ko biyu ya huce bayan gudu mai tsanani kafin a kashe. Birki da tayoyi su ma a duba, don su za su tsayar da ƙarin gudun. Kamfanin inshora a sanar da shi, garanti kuma a sa a rai cewa na inji da giyabos na iya tafiya, domin na'urorin dila na gane an taɓa manhaja. Idan kuma za ka kai motar sabis wurin dila, tambaye su ko za su sabunta manhajar kwamfutar, saboda sabuntawar na goge saitin da ka biya kuɗi aka yi.